Haya ko Ginin Kai: Abin da Masu Wallafa a Gombe Ya Kamata Su Sani Kafin Zaɓen Manhajar Shafin Intanet

A unguwar GRA da ke birnin Gombe, inda ofisoshin gwamnati da na ƙungiyoyi masu zaman kansu da makarantun kuɗi da otal-otal ke maƙwabtaka da gidajen manyan ma'aikata, mallakar shafin intanet ta zama wani ɓangare na buɗe ofis. Ƙungiyar da ke neman tallafi tana buƙatar inda za ta ajiye rahotanninta. Ɗan jaridar da ya bar gidan rediyo yana son kafa jaridarsa ta intanet. Malamin jami'a yana son maƙalunsa su isa ga ɗalibai, marubuciya kuma tana neman inda za ta riƙa sakin labarinta babi-babi.

Dukkansu suna cin karo da tambaya guda tun a ranar farko: shin su yi rajista a dandalin da wani kamfani ya riga ya gina kuma yake kula da shi, ko kuwa su ɗauko manhaja su girka ta a wurin da suka biya kuɗinsa da kansu? Mutane da yawa kan bar wa wanda ya haɗa musu shafin ya yanke wannan hukunci, sai bayan shekaru, ranar da shafin ya ɓace ko kuɗinsa ya gagara biya, su fahimci abin da aka zaɓa musu.

Abubuwa uku da kowane shafi ke tsaye a kansu

Kowane shafin wallafa yana da ƙafa uku. Ta farko ita ce adireshi, wato sunan da mai karatu ke rubutawa don ya iso shafin, wanda ma'abota fannin ke kira domen. Ta biyu ita ce masauki, wato babbar kwamfutar da ba ta kwana, wadda rubuce-rubuce da hotuna ke ajiye a cikinta. Ta uku ita ce manhajar da ke bai wa marubuci damar shigar da rubutu, ya gyara shi, ya sake shi ga jama'a.

Mazauna Gombe sun san bambancin wanda ke zaune a gidan haya da wanda ya sayi fili, ya bi ta hukumar GOGIS ya karɓi takardar mallaka, sannan ya yi gini. A wannan kwatanci, adireshi shi ne fili da takardarsa, masauki shi ne gini, manhaja kuma ita ce tsarin ɗakuna da kayan ciki. A dandalin haya, kamfani ɗaya ne ke riƙe da ukun. A tsarin girka wa kai, mai shafi ne ke riƙe da su, ko da kuwa ya ɗauki ma'aikata su taya shi.

Zaman haya da sauƙinsa

Dandalin Blogger na daga cikin mafi daɗewa a wannan fage. Kamfanin Pyra Labs ne ya ƙirƙiro shi a 1999, Google ya saye shi a 2003, kuma har yau kyauta ne. WordPress.com, na kamfanin Automattic, ya fara aiki a 2005. Medium ya zo a 2012, Substack kuma a 2017, shi ya fi karkata ga aika rubutu kai tsaye zuwa imel ɗin masu karatu.

Abin da ya haɗa su shi ne sauƙi. Mai wayar hannu da adireshin imel zai iya buɗe shafi ya saki rubutunsa na farko kafin la'asar. Kamfanin ne ke sabunta manhaja, shi ke yaƙi da masu kutse, shi ke ɗaukar nauyi idan labari ya yaɗu dubban mutane suka shigo a lokaci guda. Ga wanda ba shi da ma'aikacin fasaha, wannan babban rangwame ne.

Sai dai ɗan haya yana bin dokar mai gida. A tsarin kyauta na WordPress.com, sunan kamfanin na liƙe da adireshin shafi, kamfanin na iya sanya tallarsa, kuma ƙarin manhajojin da ke faɗaɗa aikin shafi sai a tsarin biya ake samun su. Substack na cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin da masu karatu suka biya. Mafi nauyi kuma shi ne cewa mai gida na iya rufe ƙofa, ko ya rushe gidan baki ɗaya.

Gidajen da aka rufe

Tarihin intanet cike yake da irin wannan. Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, shafukan miliyoyin mutane suka tafi tare da shi. Posterous, wanda Twitter ya saya a 2012, an rufe shi a watan Afrilun 2013. Google da kansa ya rufe Google+ a 2019.

A Najeriya ma an gani. A watan Oktoban 2014 Google ya sauke shafin Linda Ikeji, ɗaya daga cikin shafukan da aka fi karantawa a ƙasar a lokacin, bayan ƙorafe-ƙorafe kan haƙƙin mallaka. An mayar da shi bayan 'yan kwanaki, amma a tsawon waɗannan kwanaki mai shafin ba ta da iko a kan aikin da ta shafe shekaru tana ginawa, domin a dandalin Blogger yake zaune.

Misalin da ya fi kusa da marubutan Hausa shi ne na OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wanda marubutan littattafan Hausa da dama suka riƙa sayar da ayyukansu a kansa. Ya daina aiki a ƙarshen Nuwamban 2023. Marubucin da ke da kwafin littafinsa da hanyar tuntuɓar masu karatunsa ya koma wani wuri ya ci gaba. Wanda ya dogara da dandalin kacokan ya koma neman masu saye daga farko.

Akwai kuma waɗanda suka mayar da kafofin sada zumunta gidan wallafarsu. Dakatar da Twitter da Gwamnatin Tarayya ta yi daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da ɗaukewar Facebook da WhatsApp na kusan sa'o'i 6 a ranar 4 ga Oktoban 2021, sun nuna cewa waɗannan kafofi kasuwa ce ta tallata haja. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya mayar da rumfar kasuwa ma'ajiyar dukiyarsa duka.

Ginin kai da nauyinsa

A ɗaya ɓangaren akwai manhajojin da kowa zai iya saukewa kyauta ya girka. Mafi shahara ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a watan Mayun 2003. A yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya da ita suke aiki, bisa ƙididdigar W3Techs. Kamannin suna kan rikita mutane: WordPress.com gidan haya ne, WordPress.org kuwa wurin da ake ɗaukar manhajar ne don a kai ta masaukin da aka ga dama. Akwai kuma Ghost, wadda John O'Nolan ya kafa a 2013, da Joomla da Drupal da manyan hukumomi kan yi amfani da su.

Girka wa kai ba ya nufin ajiye kwamfuta a kusurwar ofis. Shekarar 2024 kaɗai ta isa hujja: lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe a watan Afrilu, da katsewar da ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu a watan Oktoba, sun isa su kashe duk shafin da ya dogara da wutar unguwa. Abin da ake yi shi ne hayar wuri a cibiyar ajiyar bayanai ta wani kamfani, a Legas ko a ƙasar waje, a girka manhajar a can. Yawancin kamfanonin masauki sun sauƙaƙa aikin, danna maɓalli kaɗan ya wadatar.

Amfanin wannan tsari shi ne 'yanci. Mai shafi ne ke zaɓen kamannin shafinsa, shi ke karɓar talla daga 'yan kasuwar gari ya sanya inda ya so, yana iya haɗa hanyar biyan kuɗi da naira ta Paystack ko Flutterwave, kuma idan masauki ya gaza masa sai ya kwashe kayansa ya koma wani, adireshinsa bai canza ba.

Nauyin kuwa shi ne na mai gida: idan rufi ya yi yoyo babu wanda zai kira sai kansa. Manhajar na buƙatar sabuntawa a kai a kai. Yawancin kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta ƙananan manhajojin ƙari da aka bari suka tsufa yake shigowa, ko ta rigunan shafi na kuɗi da aka sato ana rabawa kyauta, waɗanda sau da yawa an cusa musu mugun abu a ciki. Shafin makaranta ko na ƙungiya da aka yi watsi da shi wata shida na iya wayar gari yana tura baƙi zuwa shafukan caca, sunan masu shi kuma ya ɓaci a idon iyaye ko masu ba da tallafi.

Kuma 'yancin ba cikakke ba ne. A watan Satumban 2024 rikici ya ɓarke tsakanin Automattic da kamfanin masauki na WP Engine, har aka toshe wa abokan cinikin WP Engine hanyar karɓar sabuntawa daga WordPress.org na wani lokaci, sai da wata kotu a Amurka ta ba da umarnin buɗewa a watan Disamba. Ko mai ginin kansa yana shan ruwan famfon da wani ke riƙe da makunninsa.

Naira da dala

Ga mai wallafa a Gombe, tambayar kuɗi ta wuce nawa za a biya, ta haɗa da wane irin kuɗi za a biya. Tsare-tsaren biya na manyan dandalin haya da dala ake lissafa su. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin hukuma. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya shiga tsarin dala kafin wannan sauyi ya ga kuɗin shafinsa ya ninka har uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Tun a 2022 kuma bankuna da dama suka taƙaita ko suka dakatar da amfani da katin naira wajen biya a ƙasashen waje, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi. Shafuka kan mutu a irin wannan tsakani, kuɗi na hannu amma babu hanyar isar da su.

Kamfanonin masauki na cikin gida, irin su QServers, suna karɓar naira ta hanyar tura kuɗi daga banki. Haka ma adireshin da ya ƙare da .ng ko .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ke kula da rajistarsa ta hannun dillalan da ta amince da su. Ma'aikatun gwamnati kuwa .gov.ng aka tanadar musu, kuma ta hukumar NITDA ake samun sa, hukumar da ɗan asalin Gombe, Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ya shugabanta daga 2016 zuwa 2019 kafin ya zama Ministan Sadarwa.

A lissafin ginin kai, kuɗin masauki da na adireshi su ne ƙanana. Babban kuɗin shi ne na mutumin da zai riƙa kula da shafin. Ƙungiyar da ta yi kasafin haɗa shafi amma ba ta yi na kulawa ba, ta yi gini ne babu mai gadi.

Buƙatun mai rubutu da Hausa

Mai wallafa da Hausa yana da wasu tambayoyi na daban. Ta farko ita ce ta haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Duk manhajojin da aka ambata suna iya ajiye su, amma ba kowane salon rubutu ne ke iya nuna su ba. Idan salon da rigar shafi ta zo da shi ba shi da waɗannan haruffa, sai su fito da wani girma daban ko su zama ɗan akwati. Gwaji mai sauƙi shi ne a rubuta kalmomi irin su ɓarawo da ɗaki da ƙasa, manya da ƙanana, a kanun labari da cikin rubutu, a duba su a ƙaramar waya mai araha. A tsarin girka wa kai ana iya sauya salon da wanda ya dace, kamar dangin Noto na Google. A wasu dandalin haya zaɓin ƙayyadadde ne. Mai son wallafa Ajami kuma sai ya tabbatar shafin na iya jera rubutu daga dama zuwa hagu.

Ta biyu ita ce ta kuɗin shiga. Matasa da yawa kan buɗe shafi da fatan samun kuɗin tallar Google AdSense, amma tsawon shekaru Hausa ba ta cikin jerin harsunan da wannan tsari ke karɓa. Shafin da Hausa ce zallar harshensa ya fi dacewa ya sa rai da tallar 'yan kasuwar gari, ko kuɗin masu karatu, ko tallafin wata cibiya, kuma waɗannan hanyoyi sun fi sauƙin tsarawa a shafin da mutum ke da cikakken iko a kansa.

Ta uku ita ce ta nauyin shafi. Mai karatu a Kumo ko Bajoga ko Dukku da waya yake shigowa, da datar da ya saya da guminsa, wadda ta ƙara tsada bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Shafin da aka cika da manyan hotuna da kayan ado yakan kori irin wannan mai karatu kafin ya buɗe. A nan dandalin haya kan yi zarra, domin an riga an daidaita su; mai ginin kansa sai ya kame hannunsa daga ƙawa.

Alhakin doka

Wurin da shafi ke zaune ba ya ɗauke wa mai shi alhakin abin da ya wallafa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da dokokin ɓata suna, suna hawa kan marubuci ko a ina ya ajiye rubutunsa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗauka ba da izini ba, don haka kwafo labari ko hoton wani na iya jawo rufe shafi a kowane tsari.

Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta watan Yunin 2023. Makaranta ko asibiti ko ƙungiyar da ke karɓar sunaye da lambobin waya ta shafinta ta ɗauki amanar kare su. A tsarin girka wa kai, tsaron waɗannan bayanai kusan gaba ɗaya a wuyan mai shafi yake.

Wane ne ya dace da wanne

Marubuci guda da ke gwada ƙarfinsa, ko malami mai son ajiye darussansa, ko ƙaramar ƙungiyar unguwa da ba ta da ma'aikacin fasaha, dandalin haya ya ishe su. Babu hikima a ɗora wa kai kula da manhaja alhali ko rubutu goma ba a yi ba.

Jaridar intanet mai editoci da wakilai, wadda ke son kowane ma'aikaci ya sami matakin izininsa, ta karɓi talla, ta adana labaran shekaru, ita girka wa kai ya fi dacewa da ita, da sharaɗin akwai wanda aka ɗora wa kula da shafin kuma ana biyan sa. Haka ma makarantu da cibiyoyin da shafi ya zama fuskarsu a idon jama'a.

Akwai kuma hanyar tsakiya, wadda ta fi dacewa da mutane da yawa: a sayi adireshi na kai, a liƙa shi a dandalin haya. Blogger na ba da damar haka ba tare da ƙarin kuɗi ba, WordPress.com kuma a tsarin biya. Ranar da aiki ya girma, sai a kwashe rubuce-rubucen a koma masaukin kai, masu karatu kuma su ci gaba da zuwa adireshin da suka saba.

Abubuwan da ba a bari a hannun wani

Kowane tsari aka zaɓa, akwai abubuwa uku da ya wajaba su kasance a hannun mai shafi. Na farko shi ne rajistar adireshi. Matsalar da ta fi yawa a ofisoshi ita ce wanda aka ba kwangilar haɗa shafi ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Idan aka sami saɓani, ko ya bar gari, ko ya manta da sabuntawar shekara-shekara, adireshin kan faɗi, wani ya saye shi. Kamata ya yi rajistar ta kasance da sunan ƙungiya da imel ɗin ofis, a rubuta hakan a yarjejeniya, a kuma sanya ranar sabuntawa a kalandar ofis.

Na biyu shi ne kwafin ajiya. WordPress da Blogger da Ghost duk suna da hanyar fitar da dukkan rubuce-rubuce a fayil guda. A riƙa yin haka aƙalla sau ɗaya a wata, a ajiye kwafi a wuri biyu da ba su da alaƙa da masaukin, a kuma gwada mayar da shi ko sau ɗaya don a tabbatar yana aiki. Dandalin da ba ya barin mutum ya fita da kayansa bai cancanci a shige shi ba.

Na uku shi ne makullai: kalmar sirri mai ƙarfi, da tabbatarwa mai mataki biyu, da mutum biyu amintattu masu izinin shugabanci, domin kada tafiyar ma'aikaci guda ta rufe wa kowa ƙofa. Idan akwai jerin imel ko lambobin masu karatu da suka bayar da yardarsu, shi ma a adana kwafinsa.

Ofishin da ke shirin buɗe shafi a GRA, ko a kowane gari, zai iya fara tattaunawa da mai haɗa masa shafin da tambayoyi huɗu: da sunan wa za a yi rajistar adireshi, da wane kuɗi za a riƙa biya duk shekara, wa zai riƙa sabunta manhaja, kuma ta yaya za a kwashe kaya idan an tashi ƙaura. Amsoshin waɗannan tambayoyi, a rubuce kuma da sa hannu, su ne za su nuna ko haya ta fi dacewa ko ginin kai.